Wai gwamnati za ta riƙa sayar da karbon ɗin daji: wa zai karɓi kuɗin, wa zai ajiye gatari?

Alhaji Sale Mai Goro (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga 'yan boko. Kwana biyun nan gidajen rediyo ba su da zance sai na karbon. Wai gwamnati za ta hana sare daji, ta auna abin da aka tsare, ta sayar wa Turawa a takarda, kuɗi su shigo ƙasa. Ni na san ana sayar da katako, ana sayar da gawayi. Amma a sayar da itacen da ke tsaye inda Allah ya tsirar da shi, mai saye kuma ba zai zo ya ɗauka ba, wannan ciniki ya fi ƙarfin kaina. Wanda ya gane ya warware mana.

Malam Habu (Marwa): Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba itacen suke so ba, hayaƙin da bai tashi ba shi suke biya. Itace yana girma ne da iskar karbon da yake zuƙa, har kusan rabin nauyin busasshen itace karbon ne. Ranar da aka sare shi aka ƙone, iskar ta koma sama ta ƙara wa duniya zafi. To kamfanin mai ko na jirgin sama da ba ya son rage nasa hayaƙin sai ya biya wanda ya hana ton ɗaya tashi a wani wuri. Takarda ɗaya, ton ɗaya.

Da can kamfanoni ne ke zuwa su kama wani yanki na daji su yi aikin da kansu. Yanzu yayi ya koma gwamnati ta auna ƙasarta gaba ɗaya, ko jiha guda, ta sayar da sunanta. Gabon ta ƙulla da Norway a 2019 kan dala miliyan 150, ta karɓi miliyan 17 na farko a 2021. Bankin Duniya ya ba Ghana dala miliyan 4.8 a 2023, ya ba Kodibuwa miliyan 35 a 2024 kan ton miliyan 7. Ku raba ku gani, dala 5 ce kowane ton, wajen sefa 3,000. Mu Kamaru mun rubuta tsarinmu na REDD+, wato shirin rage hayaƙin da saran daji ke jawowa, tun 2018, amma ba mu cikin ƙasashe 15 da suka sa hannu kan cinikin da asusun karbon na Bankin Duniya.

Ɗan Hausare: Sefa 3,000 ton guda? Ko albasa a kakarta ba ta yi wannan arha ba, Malam.

Malam Habu (Marwa): Dariya kake yi, amma nan gizo ke saƙa. A kasuwar Tarayyar Turai masana'anta na biyan sama da yuro 60 kan ton ɗaya na hayaƙinta. Iskar ɗaya ce, farashin ne ya san fari da baƙi.

Baba Garba (Gaundere): Salamu alaikum. Ni a aikin gandun daji na yi ritaya, saboda haka bari in faɗi nawa kafin ku yanke wa abin hukunci. Ku da ke cikin gari ba ku san yadda ake tsare daji da aljihu wayam ba. Gandun Binuwai hekta 180,000 ne, Buba Njida 220,000, Faro 330,000, Waza 170,000. Mutum nawa ke gadinsu, da babur nawa, da man fetur na kwana nawa? A farkon 2012 mahaya dawaki suka shigo Buba Njida daga wajen Sudan suka karkashe giwaye ɗaruruwa, sai da aka turo soja. Kasafin Yawunde bai taɓa isa ba kuma ba zai isa ba. In akwai wanda zai biya don daji ya tsaya da ƙafarsa, ni ban ga dalilin ƙi ba. Kuma gara gwamnati ta riƙe da a bar wa kamfani. Kamfani yana tsare gonarsa ce kawai, masu gatari su koma dajin da ke maƙwabtaka, shi ya ci kuɗinsa, asara tana nan. In ƙasa duka aka auna, babu inda ɓarnar za ta ɓuya.

Yaya Musa (Injamena): Baba, Allah ya ƙara girma, amma ɓarna tana da fasfo, tana tsallake iyaka. Mu nan mun gani da idonmu. A ƙarshen 2008 gwamnatin marigayi Idriss Déby ta haramta gawayi da saran ɗanyen itace, ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsu ba. Na ga mata a unguwarmu suna dafa abinci da kashin shanu da ƙwallon goriba. Wani maƙwabcinmu ƙyauren ɗakinsa ya ɓalle, matarsa ta yi girkin suna da shi. Mata suka fito zanga-zanga aka tarwatsa su. Sannan ina gawayin ya riƙa fitowa? Daga Kuseri, wani ta gadar Ngeli a ƙarƙashin kaya, wani a kwalekwale cikin dare ta Logon. Dajin Chadi ya ɗan huta, na Logon da Shari naku ya sha gatari. Da a ce a lokacin ana sayar da karbon, da Injamena ta karɓi kuɗi kan itacen da aka sare a Kamaru.

Baba Garba (Gaundere): Wannan gaskiya ne, Musa. Shi ya sa aka haɗa Buba Njida da gandunku na Sena Ura a tsari ɗaya. Amma gawayi ya fi giwa wuyar gadi.

Maman Walida (Garwa): Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, duk maganar nan a kanmu za ta ƙare, mu masu murhu. Ni abinci nake sayarwa, tukunya uku nake ɗorawa kafin gari ya waye. Tukunyar gas ta kilo 12.5 an ce farashin gwamnati sefa 6,500 ne, to a samu ma aiki ne, kuma wa zai dafa wake da gas ya fitar da uwar kuɗi? Marke nake saye, shi ne mai riƙe wuta, in babu in nemi gawayin ƙirya.

Kuma abin nan da kuke cewa karbon ya riga ya shigo gidajenmu. Wasu samari sun zo unguwarmu da riguna iri ɗaya, suka raba mana murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan. Kowace mace aka ɗauke ta hoto riƙe da murhun, aka rubuta lambar da ke jikinsa, aka ce ta dangwala yatsa a wata takarda ta Faransanci mai shafi biyu. Sai da ɗiyata ta dawo makaranta ta karanta mini. Ashe mun sallama musu duk karbon ɗin da murhun zai rage. Murhun ba laifi, yana rage itace, amma bakinsa ƙarami ne, babbar tukunyata ba ta zama a kai. Shayi nake dafawa da shi. A littafinsu kuwa na tabbata an rubuta Maman Walida ta daina girki da duwatsu uku.

Ɗan Hausare: Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Sannu Maman Walida.

Nafisa (ɗaliba, Gaundere): Inna, abin da ya same ki da murhu shi ne ciwon kasuwar nan gaba ɗaya. Ba abin da ya faru ake biya ba, bambancin da ke tsakanin abin da ya faru da abin da aka ce *da zai faru* ake biya. Kamar mai gadin rumbu ne ya zo ya ce da ba don ni ba da ɓarayi sun kwashe buhu ɗari, a biya ni ladan buhu ɗari, alhali rumbun bai taɓa ganin ɓarawo ba. Wa zai ƙaryata shi? A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka fitar da bincike cewa sama da kashi 90 cikin 100 na takardun dazuzzuka da Verra, babbar ƙungiyar da ke tantance takardun karbon, ta tantance da alama ba su rage komai ba. Verra ta musanta, amma a shekarar shugabanta ya sauka, kasuwar kuma ta faɗi. Aikin Kariba a Zimbabuwe ma a kan wannan ya tashi, an kumbura adadin dajin da wai za a sare.

Baba Garba, tsarin gwamnati ya fi ta nan, don ana ɗaukar tarihin sare daji na ƙasa duka daga hotunan tauraron ɗan adam, ba wanda zai zaɓi gefen da ya yi masa daɗi. Amma tauraron ya fi gane kurmi mai duhu irin na Dja da Lobeke. Namu dajin itatuwa ne a warwatse, an sare marke goma a tsakiyar sabara ba lalle hoto ya nuna ba. Kuma hekta ɗaya ta kurmin kudu ta ninka tamu a karbon sau da yawa. Abin da nake tsoro ke nan: kuɗin za su tafi kudu, dokar hana sara kuwa har Mora da Kuseri za ta kai.

Malam Habu (Marwa): Nafisa ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bari in yi muku lissafin da na yi wa ɗalibaina. Ramin gawayi irin namu na gargajiya yana cin kilo 5 zuwa 10 na itace kafin ya ba da kilo ɗaya. A ce buhu mai kilo 40 ya ci itace kilo 300. Rabinsa karbon ne, kilo 150. Kowane kilo na karbon yana zama kilo 3.67 na iskar in ya ƙone, wato kilo 550, rabin ton da ɗoriya. A farashin dala 5, wajen sefa 1,650 ke nan. Wannan fa kafin mai awo ya ci, mai tantancewa ya ci, dillali ya ci, baitulmali ya ɗebi nasa. Maman Walida, nawa kike sayen buhu? Na san ya ninka haka. To mai gawayi da ke bakin hanyar Gaundere, wajen Gamba ko Mbe, an ce masa ya bar abin da ke ba shi kuɗi a hannu yau, don wani kuɗi da bai kai shi ba, wanda zai fara sauka Yawunde bayan shekara uku. Ni a matsayinsa ba zan ajiye gatari ba, sai dai in koma sara da dare.

Maman Walida (Garwa): Ya ninka, Malam, har da ɗoriya in damina ta yi nisa.

Baba Garba (Gaundere): Malam Habu, lissafinka daidai ne amma ka manta ba kowane ɗan ƙasa za a raba wa kuɗin a hannu ba. Rijiya ce, makaranta ce, albashin masu gadi ne, irin shuka ne. Muna da tsarin rabo tun dokar daji ta 1994. Kuɗin hayar yankunan farauta na jihar Arewa, kashi 50 na gwamnati, 40 na ƙananan hukumomi, 10 na ƙauyukan da ke gefe.

Tanko (manomin auduga, wajen Ngong): Baba, da girmanka, kashi 10 ɗin nan ni labarinsa kawai nake ji. Gandu uku da yankunan farauta sun cinye sama da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar Arewa. Mutane kuma kullum sauka suke daga duwatsun Mandara da wajen Kayele suna neman gona, tun zamanin da aka gama dam ɗin Lagdo a 1982. Giwa ta shiga masarar ƙanena dare ɗaya ta gama da ita. Aka zo aka auna, aka rubuta, aka tafi. Shi ke nan. In ka sare reshe a gefen gandu kuwa ranar za a ɗauke ka. Yanzu a ƙara da karbon, wato itacen da ke cikin gonata ma ya zama kuɗin wani.

Nafisa (ɗaliba, Gaundere): Kawu Tanko bai faɗi ƙarya ba. Ko a kudu, kashi 10 na harajin katako da ake ba al'umma, dokar kasafin 2015 ta soke shi. Da aka yi ta kuka aka dawo da shi a 2017, amma kashi 6.75. Abin da kasafi ya bayar kasafi na iya karɓewa. Sannan ga dokar filaye ta 1974: duk filin da ba shi da takardar mallaka, ƙasar gwamnati ce take kula da shi, ko kakan kakanka ne ya share shi. Mutum nawa ke da takarda a ƙauye? In fili ba naka ba ne a doka, karbon ɗin kansa na wa?

Wasu ƙasashen sun rubuta rabon ƙarara. Guyana ta sayar wa kamfanin mai na Hess takardu na dala miliyan 750 a 2022, ta ware kashi 15 ga ƙauyukan 'yan asalin daji, kowane ƙauye da asusunsa. Kenya ta sa a dokarta ta 2024 cewa aƙalla kashi 40 na al'umma ne in aikin a filin al'umma yake. Zimbabuwe kuwa a 2023 ta wayi gari ta ce rabin kuɗin nata ne, da masu zuba jari suka fara tattara kaya ta sauko zuwa kashi 30.

Alhaji Sale Mai Goro (Garwa): To ni kafin a kai ga rabo, cinikin kansa ya halatta? Abin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a san yawansa ba sai an ƙiyasta. Allah gafarta Malam Nuhu, kana nan?

Malam Nuhu (Marwa): Ina biye da ku, Alhaji. Ba fatawa zan bayar ba, wannan sai manyanmu sun zauna. Amma a nawa karatun, in an ɗauke shi a matsayin sayar da iska, akwai garari a ciki, wato rashin tabbas kan abin da ake sayarwa. In kuwa an ɗauke shi lada ne a kan aiki, wato ka tsare wuri kaza shekara kaza a biya ka kaza, babin ijara da ju'ala a buɗe yake, da sharaɗin a san aikin, a san ladan, kuma kada a yi ƙarya a awo. Keɓe daji ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin kiwo na Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. Amma ku duba umarnin da Umar ya ba mai gadinta: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare dabbobin masu hali, don mai hali in dabbarsa ta mutu yana da gonar dabino da zai koma. Kuma hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. To wanda zai keɓe daji ya fara duba wa zai hana.

Isa Dillali (Adumri): Madalla da Malam, ya kawo mu kan shanu, don tun ɗazu ba wanda ya ambaci makiyayi. Da rani in ciyawa ta ƙare, ganyen madobiya da maɗaci da gawo Bafulatani ke sassabe wa garke. A idon mai awon karbon wannan ɓarna ce. Burtali ya riga ya toshe da auduga, fadamar Waza ba ta koma yadda take ba tun da aka tare ruwa a Maga a 1979, ƙasar da ake share wa masakwa kullum ƙaruwa take. Kun ga abin da ruwa kaɗai ya jawo tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum a 2021, har dubban mutane suka tsallaka Chadi. A zo a zana sabon layi a daji a ce shanu ba su wucewa, wallahi ba karbon za a girba ba. Kuma farashin nama a Garwa da Yawunde zai gaya muku.

Nafisa (ɗaliba, Gaundere): Kawu Isa, an yi irinsa a arewacin Kenya, karbon na ƙasar kiwo. An tsara wa makiyaya inda za su kai dabba da lokacin da za su kai. Verra ta dakatar da aikin a 2023, a Janairun 2025 kuma kotu a Isiolo ta ce biyu daga cikin gandayen an kafa su ba bisa doka ba, don ba a nemi yardar masu ƙasa yadda ya kamata ba.

Yaya Musa (Injamena): Ni abin da ke ba ni mamaki, wurin da itace ya fi dawowa a yankinmu ba da kuɗin karbon ya dawo ba. Ku je Maraɗi da Damagaram. Manoma suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, suna gyara shi. Ana maganar hekta miliyan 5 da itace miliyan 200, yawanci gawo. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ɗan gandun daji ba zai ci shi tara ba in ya yanki reshe. An yi ta shuka darbejiya da sunan shirin Sahel Vert a wajenku tun zamanin Ahijo, aka sake tayar da shi a 2008, ga kuma Babbar Katangar Itatuwa tun 2007. Ranar shuka akwai gwamna da kyamara, ranar ban ruwa babu kowa.

Baba Garba (Gaundere): Kada ka raina darbejiyar Marwa, Musa, inuwar da ake zama a Domayo yau wani ne ya shuka. Amma na yarda, mallakar itacen gona ita ce gaba. In da ni ake shawara, a arewa ba hana sara zan sa gaba ba, wuta zan sa gaba. A Ostireliya, a yankin Arnhem, tun 2006 'yan asalin ƙasar ke karɓar kuɗin karbon don suna cinna wa daji wuta da wuri, ciyawa da sauran danshi, wutar ta yi sanyi ta bar itatuwa, maimakon gobarar ƙarshen rani mai cinye komai. Dajinsu irin namu ne. Mu ma muna sa wutar farko a gandu da zarar damina ta ɗauke, daga Nuwamba zuwa Disamba. Nan ne mutumin ƙauye zai samu aikin yi a biya shi a hannu, ba a hana shi komai ba. Makiyayi ma yana so, don toho ke biyo bayan wutar.

Isa Dillali (Adumri): Wannan kam Fulani za su saurara, in dai da arɗo za a zauna a sa rana, ba a ofis ba.

Tanko (manomin auduga, wajen Ngong): Baba, Nuwamba fa audugata na tsaye a gona ta fashe fari fat, wata kuma na tare a bakin hanya tana jiran motar kamfani. Tartsatsi ɗaya ya isa, ga bashin taki a wuyana. In za a sa wutar nan a gefenmu, sai an share hanyar wuta mai faɗi tsakanin daji da gonaki tun Oktoba, kuma a faɗa mini tun yanzu wa zai biya masu sharewa, wa kuma zai biya ni in ta tsallako.

Baba Garba (Gaundere): Masu sharewa a cikin kuɗin aikin za a biya su. In ta tsallako kuwa, lawan da jauro su shaida, a auna a rubuta.

Tanko (manomin auduga, wajen Ngong): An auna wa ƙanena an rubuta, Baba. Ni a ajiye kuɗin diyyar a asusun ƙungiyar manoma ta garinmu kafin a ƙyasta ashana.